Hayaƙin da Ke Jinin Muzzammil

Marin ya sauka tun likita ba ta rufe baki ba.

"Ashe taba kake sha, ɗan banza!" Malam Umaru, mai sana'ar ƙyafe kifi da hayaƙi a Kalgo, ya shaƙe wuyan rigar ɗansa Muzzammil. "Ga jininka ya tona ka!"

"Wallahi Baba, ko sau ɗaya ban sha ba."

"Rufe mini baki!"

Likita Hadijatu ta buga tebur. "Malam, nan asibiti ne! Cewa na yi jininsa ya yi kauri irin na mai shaƙar hayaƙi. In iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙwayoyin jiki suna ji, sai su kunna umarnin halittar da ke cikinsu na ƙara yawan jini. Shi ya kawo ciwon kan nan. Muzzammil, ina kake kwana?"

Saurayin ya shafa kumatunsa, ya dubi ubansa ido cikin ido.

"Ɗakin banda, gefen murhu. Tun ina sakandare Baba ke kulle ni ciki bayan isha'i."

"Saboda me?"

"Wai don kada in bi 'yan shan taba."