Maganin Mijin Iya Alaro

Ranar Laraba da safe Moradeke tana goge robobin magani, sai ta ga ta hawan jini a liƙe, ko ɓalle bakinta ba a yi ba. Ta kusa da ita, ta maganin ciwon sukari, ita ce a buɗe, kuma ta yi ƙasa sosai.

Ɗalibar haɗa magunguna ce, wata biyu ke nan tana koyon aiki a kantin maganin Oga Shobowale da ke Abeokuta. Jiya Oga ya fita taron ƙungiyarsu, sai ga Iya Alaro, tsohuwa mai rini, hannayenta sun yi shuɗi har gwiwar hannu. Maganin hawan jinin mijinta ta zo karɓa, kamar kowane ƙarshen wata. Kullum Oga ke sallamarta da kansa, ko takardar likitan ba ya dubawa, takardar da ta sha ninki har an liƙe ta da salatif. Moradeke ta ƙirga ƙwaya talatin, ta zuba a 'yar leda, ta ja layi ɗaya a jiki, alamar ɗaya kullum da safe. Tana ta bayani, tsohuwa tana ƙulle ledar a bakin zane, ba ma saurare take ba.

Robobin nan biyu kamfaninsu ɗaya, murfinsu ɗaya, ƙwayoyin kuma farare ƙanana, kamar an tsaga kara.

Kuma ta san abin da maganin sukari ke yi wa tsohon da ba shi da sukari. Ai a kan wannan darasi ta fi kowa maki a ajinsu: gumi, rawar jiki, suma, in ba a farga da wuri ba kuwa sai dai wani ba shi ba.

Abin yi a fili yake, ta buɗe baki ta gaya wa Oga. Sau uku tana zuwa ƙofar ofishinsa tana juyowa. Oga mutum ne da ya taɓa korar ɗalibi a kan abin da bai kai wannan ba, kuma in bai sa hannu a littafinta na koyon aiki ba, shekara biyar da uwarta ta yi tana suyar ƙosai dominta sun bi ruwa. Sai ta tura robar can baya, ta ja bakinta ta yi gum. Wallahi shiru ta yi! Ta ce wa ranta ƙila bai fara sha ba, ƙila da sauran na wancan watan.

Laraba ta wuce, Alhamis ta bi ta. Duk wanda ya turo ƙofar kanti sai ta zabura. Oga ya dube ta ta saman gilashi ya ce, "Deke, wannan fuska fa? Saurayin ne ya gudu da wata?" Ta yi yaƙe, a ranta tana tsine wa kanta. Mai karatun ceton rai, ga ta tana ƙirga wa tsoho kwanaki saboda sa hannu.

Juma'a da hantsi ta hango ana kafa rumfunan makoki a hanyar kasuwa. Ba ta tambayi wa ya rasu ba. Ta tuɓe farar rigar aiki, ta tambayi mai gasa ayaba a tsallaken titi gidan Iya Alaro, ta hau acaɓa.

Babu rumfa a ƙofar gidan, sai zannuwa shuɗɗa suna ɗiga a igiya. Iya tana zaune a baranda, a gefen wani dogon dakalin siminti, tana ƙulle zane da zare kafin ya shiga tukunya.

Moradeke ta zube gwiwa biyu, kuka ya ƙwace mata. "Iya, na cuce ku. Maganin da na ba ki ba na Baba ba ne, mai kisa ne a jikinsa. Nawa ya sha? Don Allah ina yake?"

Tsohuwa ta ajiye zaren. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Laraba, Iya."

"Kwana uku kina ɗauke da wannan? Tashi, 'yata, share idonki. Taki mai sauƙi ce, tunda kin samu wanda za ki durƙusa wa ya amsa."

Ta miƙa hannu ta ɗaga murfin wani babban kwano da ke kan dakalin. Cike yake da 'yan ledojin magani, ko ɗaya ba a kwance ba, ta Moradeke a sama. Sannan ta shafa simintin da tafinta a hankali.

"Ga shi nan inda muka binne shi, shekara shida ke nan. Wata ɗaya tak na ɗauki kuɗin maganinsa na yi ankon biki, a watan ya tafi. Tun daga ranar ban sake fashin sayo masa magani ba."