Sunan da ke Kan Facin

Ranar da aka karɓi facina na ashirin, Yaya ya shigo ɗakina yana washe baki, waya a hannu.

Wata takwas ke nan ina aron tsohuwar kwamfutarsa, ina koyon harhaɗa wata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya sa hannu a gyaranta. Faci suke kiran ɗan gyaran da mutum ya aika. Na farkon, sau shida masu kula suka dawo min da shi: bayani ya yi tsawo, na cusa gyara biyu wuri guda, ban gwada ba. Na haɗiye haushi na koya, tsakanin wanki da jinyar Inna, har suka rasa abin cewa.

“Sun rubuto,” in ji Yaya. “Suna so in shiga cikin masu kula. Wani kamfani ma ya kira ni ganawa ranar Litinin.”

“Kai kuma, Yaya? Yaushe ka taɓa buɗe ta?”

Ya miƙo min wayar, na bi facin ɗaya bayan ɗaya. Ashe abu guda ne ban koya ba: kwamfutar tana liƙa sunan mai ita da adireshinsa a kan kowane gyara. Duk ashirin ɗin sunansa ne.

“To, ka gaya musu gaskiya.”

“Haba ƙanwata, ni da ke ai duk ɗaya ne.” Ya jawo kujera kusa da ni. “Share hawayen ki koya min. Ta ina ake shiga?”