Ƙwan Fitilar Abdurrahim

Abdurrahim ya jingina wayarsa da flas ɗin shayi, ya kunna bidiyon kai tsaye, ya buɗe kwamfuta. Da wannan dabarar kaɗai yake iya zama ya rubuta kundin digirinsa. Muddin idon mutane na kansa, kunya ba ta barinsa ya tashi.

Masu kallo sun fara da uku, yanzu sun haura ɗari biyu, kusan duk 'yan Unguwar Dosa. Ba mai rubuto masa ko kalma ɗaya.

"Ba sa son katse ni ne," yake gaya wa matarsa Lubna, yana gyara hula. "Matasa na koyi da ni."

Don kada ɗauke wuta ya riƙa dusashe wa masoyansa hotonsa, sai ya sa sola a ɗakin.

Washegari da la'asar aka buga ƙofa. Maƙwabciyarsa ce, Maman Ishaya, mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, tana haki.

"Malam Abdurrahim, me ka yi wa ƙwan fitilar da ke bayanka?"

"Sola na sa, Madam. Yanzu ba ya mutuwa."

"Shi ya sa. Na gan shi a kunne a bidiyonka, na ɗauka an kawo wuta, na rufe shago na taho guga, na tarar da gida babu wuta. Rabin layin nan haka suka kwaso gudu."

Abdurrahim ya saki baki.

"Don Allah ka mayar da shi kan wutar gari," in ji ta. "Kuma ka riƙa ɗan sunkuyawa, hularka tana tare mana shi."