Ranar da Aka Horar da Farfesoshi

Mutum sittin da uku ne suka danna saƙon. Shugaban jami'a ya danna sau biyu, don na farkon bai buɗe da wuri ba.

Daraktan tsaron bayanai ne ya tura shi da hannunsa, saƙon ƙarya mai cewa ga sunayen waɗanda za a tura taro ƙasar waje, kowa ya sa kalmar sirrinsa ya duba. Gwaji ne. A bayan idonsa ana kiransa Kar-ka-danna, kuma ya sani. Shekara biyu ke nan da ya rubuta ƙa'idar amfani da kwamfuta, shafi tamanin da huɗu, ya ɗora ta a intanet, ya buga wa kowane ofis kwafi. Yawancinsu ƙofa ake tokarewa da ita. A ofishin rajistara kuwa butar shayi aka ɗora a kai.

Shugaba ya kira shi, ya ce zancen sau biyun nan ya tsaya tsakaninsu. Ya ƙara da cewa saura kwana goma jarrabawa, tambayoyin duk suna cikin kwamfutocin malaman nan, kuma idan ko ɗaya ta fita, Darakta ya fara neman wani aikin.

Sai Darakta ya ɗauko wani kamfani daga nesa don ya horar da su. Ya sa sanarwa a shafin jami'a da manyan baƙaƙe: sunan kamfanin, Laraba ƙarfe goma, zauren majalisa, kowa da kwamfutarsa, ba uzuri.

Ranar Laraba, tara da 'yan mintuna, wata mata ta iso, ita da maza biyu ɗauke da akwatunan roba. Doguwa ce, da tabarau, katin aiki rataye a wuyanta ya juya baya. Darakta ya buɗe baki zai ce ta juyo shi, ta riga shi.

"Kai ne ka rubuta shafi na arba'in da ɗaya? Ranka ya daɗe, na yi yawo a jami'o'i, ban ga irinsa ba."

Ta karanto masa sakin layin da ka. Shekara biyu ba wanda ya wuce bangon littafin, har matarsa. Da kansa ya ɗaukar mata jaka zuwa zauren.

Ba ta raga wa kowa ba. Ta raba ƙananan katuna, ta ce kowa ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa don a ga mai ƙwari da mai rauni. Ta dinga zarowa tana karantawa. Farfesan lissafi, ɗaya zuwa shida. Shugaban tsangayar shari'a, sunan 'yar autarsa. Wani dattijo na sashen tarihi, sunan wata mace da duk zauren ya san ba ta gidansa ba ce. Aka yi ta dariya, dattijo ya shiga goge tabarau. Na Darakta kaɗai ta ɗaga sama ta ce a tafa masa, harafi goma sha takwas, ba ma'ana ba tsari. Ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Daga nan ta ce za a sa wa kowace kwamfuta kariya a motarsu ta aiki, minti arba'in. Mazan suka bi layi suna manna wa kowacce lambar da ke katin mai ita. Wayoyi ma suka shiga akwati, saboda akwai rubutaccen gwaji.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, tsohuwar mai buga takardu ta ofishin jarrabawa, wadda kowa ke ce wa Inna. Katinta fari fat, kwamfutarta a ƙirjinta.

"Littafinka ya ce kada a ba kowa, ko kai ne," ta ce wa Darakta.

"Inna, wannan horo ne."

"Ban ga inda aka ce ban da horo ba."

Kunya ta kama Darakta gaban baƙuwa. Ya ce gobe da safe takardar tuhuma za ta same ta a tebur, kuma ta tuna shekara ɗaya ta rage mata ta yi ritaya. Inna ta ce to, ta ƙara ƙanƙame abarta. Baƙuwar ta yi murmushi, ta ce a bar ta, kowace ma'aikata da irinta, sannan ta bi akwatunan don ta sa ido a kan aikin.

Zaure ya yi tsit. Farfesoshi sittin da wani abu suna cizon biro, Darakta na zagawa hannu a baya, yana hana satar amsa. Tun da ya kama aikin nan bai taɓa jin daɗi irin na yau ba. Har ya fara tsara rahoton da zai kai wa Shugaba.

Minti arba'in ya wuce, awa ta cika. Sakatariyarsa ta turo ƙofa tana haki, ta ce ta yi ta kiran wayarsa a kashe.

"Ranka ya daɗe, kamfanin nan ne suka bugo ofis. Sun ce a ba ka haƙuri, jirginsu bai tashi ba, sai Laraba mai zuwa za su turo ma'aikaciyarsu."