Madubin Aro

Ina aji huɗu aka yi bikin tarihin sakandarenmu. Shugaban makaranta ya yi ta jero likitoci da injiniyoyin da makarantar ta yaye, sannan ya ja baƙi zuwa ɗakin kimiyya, ɗakin da kullum kwaɗo ke ƙofarsa.

Ga madubin ganin ƙwayoyin cuta a kan tebur, an aro shi daga wata makaranta a Tudun Wada. Ni malamin kimiyya ya zaɓa in leƙa. Na kafa ido, duhu kawai.

Na ce, "Malam, ba na ganin komai."

Ya matso yana yi wa baƙi murmushi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, wa ya ce ki gani? Tsaya a ɗauki hoto."

Kafin la'asar an ɗaure madubin a bayan babur. Ban sake ganin irinsa ba sai zanensa a takardar jarrabawa, kuma darasin nan ne ya kayar da ni, ya hana ni karatun nas.

Har yau hoton yana ofishin shugaba, wai nasarorin makaranta. Nasarar wa? Ni ce a ciki, kuma duhu na gani.