Lambar da Ta Fara da Sifili

"Malam, saƙon neman jinin bai je wa kowa ba," in ji nas ɗin.

Matar mutumin da yake wa magana na kwance a ciki, tun da ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Mijin ya jawo kwamfutar asibitin. Manhajar da ke kiran masu ba da jini na Tudun Wada ta watsar da lambobin waya ɗari uku.

Wata shida ya yi yana gargaɗin abokan sana'arsa masu rubuta manhaja cewa sabon tsarin yaren kwamfutar ba zai karɓi lambar da ta fara da sifili ba. Kowa ya gyara tasa, har da yi masa godiya.

Wannan manhajar ce kaɗai ba a gyara ba, kuma shi ya rubuta ta.

Ya zaro wayarsa, ya fara danna lambar mai ba da jini na farko: sifili, takwas, sifili.