Ram Ɗin da Ya Ƙi Zama

Kwamfutar Baba ta sake yin nauyi, don haka ranar Asabar Injiniya ta ajiye motarta a ƙofar gida, ta shigo da jakar kayan aiki tana huci.

Ita ce babbar 'yar Baba da Mama, kuma ita ke kula da kwamfutocin wani babban kamfani. Kafin wannan matsalar sai ta yi watanni ba ta leƙo gida ba, sai dai gaisuwa ta waya, ita ma a gurguje.

Tun zuwan farko ta gano ciwon. Sabuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta sakewa sai da ram mai girman gig takwas, ta Baba kuwa huɗu gare ta. Ta yi masa bayani cewa ram kamar teburin aiki ne, in ya yi ƙanƙanta komai sai ya jira layi. Ta ƙaro huɗu, kwamfuta ta kama gudu, Baba ya ci gaba da rubuta tarihin danginsu yana sa mata albarka.

Ba a jima ba aka koma gidan jiya. Da ta buɗe, sai ta tarar sabon ram ɗin ya goce daga mazauninsa. Ta mayar. Ya sake gocewa.

Ta koma shagon da ta saya, ta kira mai shagon mayaudari a gaban mutane, ya canja mata wani. Shi ma ya goce. Ta tuhumi Baba da yar da kwamfutar, ya rantse ko daga tebur bai taɓa ɗaga ta ba, har ya yi fushi ya ƙi cin abinci. A ofis kuwa ta kasa faɗa wa kowa, don kada a ji kwamfuta ɗaya ta gagari mai kula da ɗaruruwa.

Mama dai ba ruwanta da wannan rigima. Ko kunna kwamfuta ba ta iya ba. Iyakarta ta ja kujera kusa, ta haska wa 'yarta tocila, ta riƙe mata notina a tafin hannu, tana tambayar lafiyar jikoki da mahaifinsu.

Yau ma Injiniya ta danna ram ɗin har ya ce ƙas, ta ɗaure murfi tam, ta tsaya ta ci abincin rana.

"Mama, wallahi sai na ga bayan abin nan. Ko da kullum zan riƙa zuwa."

"Allah ya ba ki sa'a, uwata," in ji Mama. "Ki taho da yaran."

Bayan kwana biyu, da Baba ya fita masallaci, Mama ta rufo ƙofa, ta zaro ɗan sukundireban keken ɗinkinta, ta kifa kwamfutar a kan cinyarta, ta fara kwance murfin.